Fitilar da na hure

Maman Nardin,

Na wuce asibiti, ban so in tashe ki ba. Likita ya kira da sassafe, zazzaɓin bai sauka ba, amma yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Ki yafe mini abin jiya. Da na hure fitilar gaban hoton Maryamu, na ce Allah ya manta da gidan nan, baƙin ciki ne ya ci ƙarfina. Na gwada kunna ta yanzu, ashana uku na ɓata, ba ta kama ba.

Ke ki kunna. Ki ɗebo ɗan man fitilar ki taho da shi, limaminmu Abuna Fanus zai shafa wa Nardin a goshi.

Kin san Nardin, za ta tambaye ni ko fitilar na ci. Ba na so in yi mata ƙarya.

Malak