Ni Na Ce Mata Nufin Allah Ne

Salama a gare ku, Anti mai shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Na san halin wasunku a wajen sharhi, mutum bai kai rabin labari ba ya fara yanke hukunci. Ina roƙonku ku kai ƙarshe tukuna. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, wata goma sha ɗaya ke nan ina yi, ba wanda ya ji.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a Sabon Tasha, ina zaune a Kamazou. Mijina ya rasu da daɗewa, ciwo ne ya ɗauke shi, ɗana guda ɗaya kuma yana aiki a Kudu, sai dai waya. A cocinmu in an yi rasuwa ni ce a gaba. Matan zumunta sun san ni da baki, in ana neman wadda za ta lallashi mai kuka ko ta sa mai fushi dariya, ni ake turawa. Ina jin daɗin hakan, ba zan yi ƙarya ba. To bakin nan da ake yaba mini shi ya kai ni inda nake yau.

Ƙofa da ƙofa muke da wata baiwar Allah 'yar Filato, zan kira ta Maman Godiya. Na girme ta da kusan shekara goma, Yaya take ce mini, mijinta ma haka. Baban Godiya direban ƙaramar bas ne, Sabon Tasha zuwa Kachia, yana kuma cikin mawaƙan coci. Mutum ne mai fara'a, ba ya iya cewa a'a, ko da wasa ka matsa masa sai ya yi maka abin da kake so. Duk Lahadi in mun taso daga coci a ɗakinsu nake cin abinci. In na yi zazzaɓi ita ke dafa mini ruwan wanka. Gaskiya su ne dangina a garin nan.

Bara bayan girbi tsohuwata ta aiko mini saƙo daga ƙauye cewa ta ajiye mini buhun acca, da hannunta ta noma, ta ce wataƙila nomanta na ƙarshe ke nan don gwiwoyinta sun ƙi. Ƙauyenmu ba a bakin titi yake ba, sai an ratse an yi doguwar tafiya cikin daji, an wuce ƙauyuka da dama. A lokacin kowa ya san hanyar ta ɓaci, 'yan bindiga suna tare mutane. Ni ma na sani. Kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba.

Wata Talata da safe Baban Godiya ya shigo shagona karɓar rigarsa ta mawaƙa da na ɗinka, daga ni sai shi. Na ce, "Baban Godiya, tunda kullum kana Kachia, ka ɗan ratse ka ɗauko mini accar Mama mana."

Ya ce, "Kai, Yaya, wannan hanyar? Ko direbobin can sef sun daina bi. Ki bari abu ya lafa."

Na ajiye almakashi na riƙe haɓa. Na ce, "A'a! Ba kai ne ranar Lahadi ka riƙe makirfo kana cika mana kunne cewa ba ka tsoron komai don Ubangiji na tare da kai ba? Ashe bangaskiyar taka iyakacinta ƙofar coci, ba ta kai ƙauyenmu? Ina bangaskiyar, Malam mawaƙi?"

Ya yi dariya yana sosa kai. Ya ce, "Shi ke nan, Yaya, kin gama da ni. Gobe in na sauke fasinja zan shiga. Amma abeg kada madam ta ji, in ta ji za ta ɓoye mini makullin mota."

Na ce, "Ba za ta ji daga bakina ba."

Wasa nake yi. Allah ya sani wasa nake yi, irin wanda nake yi da kowa. Amma wane irin wasa ne wannan, a ɗauki bangaskiyar mutum a tsokane shi da ita saboda kwaɗayin faten acca?

Washegari da rana tsaka ƙanina ya kira ni daga ƙauye. Ya ce direban da na aiko ya ɗauki buhu, ya sha ruwa, ya gaida Mama, a hanyar komawa aka tare shi aka harbe shi. Kun san abin da ya fara fitowa daga bakina? Ban ce wayyo ba. Cewa na yi, "Kada ka faɗa wa kowa ni na aike shi." Na zauna a gaban keken ɗinki kamar an dasa ni. Can sai ga Maman Godiya ta biyo daga kasuwa, ta leƙo ta ce, "Yaya, wayar mutumin nan ba ta shiga tun ɗazu." Na dubi idonta na ce mata matsalar netwok ce, ta je gida ta huta. Sai da yamma abokan aikinsa suka kawo mata labari.

Ranar uku da rasuwa direbobi suka jawo motar, suka kawo abin da suka samu a ciki, hularsa da buhun nan, suka jingina shi a lungun falon Maman Godiya. Ina ganinsa idona ya faɗa kan ƙyallen da ke ɗaure a bakinsa. Tsohuwata ba ta iya rubutu ba, don haka duk kayan da za ta aiko sai ta yagi ƙyalle daga tsohon zaninta ta ɗaura a bakin buhu, shi ne sa hannunta. Wannan atamfar ni na raba mana ita biyu, nawa rabin na ɗinka siket, Maman Godiya ta sha ganina da shi. Mata sun cika falo ana waƙa ana kuka, ni kuma na sulale kamar zan gyara buhun, na kwance ƙyallen na cusa a jakata. Hannuna bai ko yi rawa ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan har yau.

Ban gama zama ba Maman Godiya ta ɗago kai ta ce, "Me ya kai shi wannan hanyar? Bai taɓa ɓoye mini tafiya ba. Ba mu da kowa a can. Wa ya aike shi?" Mata duka suka juyo suna kallona, don ni ce mai baki, ni aka saba ji. Na matsa na rungume ta na ce, "Ƙanwata, ba wanda ya aike shi. Nufin Allah ne. Ranarsa ce ta yi, Allah ne ya kai shi wurin." Mata suka ce haka ne, haka ne. Maganar da muke faɗa a kowane gidan makoki ce, na faɗe ta ya fi sau ɗari, amma ran nan ba don ta'aziyya na faɗe ta ba, don in ɓuya a bayanta ne.

Ban san za ta riƙe maganar haka ba. Tun da aka binne shi ba ta sake taka coci ba. Ta daina addu'a ko a kan abinci. Matan zumunta sun yi sintiri har sun gaji, in sun fara waƙa sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni kaɗai take buɗe wa ƙofa. Da na gwada cewa mu je sujada, sai ta ce, "Yaya, ai ke kika faɗa mini gaskiya. Allah ne ya kama hannun mijina ya kai shi gaban bindiga. Mutumin da ya yi masa waƙa tun yana saurayi. Yanzu in je in yi masa rawa in ce na gode?" Me zan ce mata? Wace ce ta koya mata wannan karatun in ba ni ba?

Kwanakin baya a nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba wata mata ta kawo labarin wani kisan da aka yi a garinsu, ta rufe da cewa nufin Allah ne. Baba Fasto, tsoho ne da ya binne mutane da yawa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "'Ya'yana, ku daina ɗora wa Allah jinin da mutum ya zubar. Nufi daban, bari daban." Ya tuna mana kisan farko a duniya, wan da ya kashe ƙaninsa a gona. Ya ce Allah ya gargaɗe shi tun kafin ya aikata, amma bai ɗaure masa hannu ba, bayan ya aikata kuma bai ce masa ka cika nufina ba, tuhumarsa ya yi. Ya ce Allah ya ba mutum hannu ya bar masa shi a sake, hannun da zai iya ba maƙwabci abinci shi ne zai iya ɗaukar bindiga, da ya ɗaure mu duka da ba mai kisa, amma da ba mai ƙauna ma, don ƙaunar dole ba ƙauna ba ce. Ya ce ko Ɗansa da aka kama za a gicciye bai fizge shi daga hannun mutane ba, saboda haka ba daga nesa yake kallon kukanmu ba, ya san zafinsa. Shari'a kuma tana nan zuwa, jinkirin da muke gani dama ce yake ba mugu ya tuba.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, "Baba, to me zai rage shi da shi in ya fasa tayar mota kawai? Taya ɗaya, mutum ya fasa tafiya, ya koma wurin matarsa?"

Ya ce, "'Yata, wannan ban sani ba. Na tsufa ina tambayarsa, bai gaya mini ba. Abin da na sani shi ne ba shi ya ja kunamar bindiga ba, kuma duk wanda ya sa hannu zai amsa nasa."

Na fito ina tafiya ban san inda nake jefa ƙafa ba. Ashe ni ma barina aka yi. Ran da nake tsokanar Baban Godiya Allah bai riƙe mini harshe ba, ran da na kwance ƙyalle bai shanye mini hannu ba, yau ma ba zai buɗe mini baki da ƙarfi ba. Ya bar mini. Na san ba ni na harbi Baban Godiya ba, waɗanda suka yi suna da ranarsu. Amma aiken nawa ne, ƙaryar tawa ce, kuma na ɗauki kayana na ɗora wa Allah, na bar gwauruwa tana gaba da shi wata goma sha ɗaya don kada ta yi gaba da ni.

Tun daga nan ban sake cin Jibin Ubangiji ba, in an fara raba gurasar a coci sai in fita kamar zan amsa waya. Na daina zuwa gaisuwar rasuwa, mata suna cewa ko hawan jini ne ya kama ni. Tsohuwata, da aka ɓoye mata abin da ya faru, ta tambaye ni ko accar ta yi daɗi, na ce ta yi. Ina cikin mutane daga safe har yamma, ana awo ana hira, har dariya ina ba su, amma ba mutum ɗaya a duk Kaduna da ya san wadda yake magana da ita. Kaɗaicin da na yi bayan mutuwar mijina bai kai wannan ba, don a lokacin ina iya yin addu'a. Ƙyallen yana nan a aljihun keken ɗinkina, kullum in zan ɗauki zare sai na gan shi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, shekaranjiya muna zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ta ce, "Kin sani, Yaya, da mutum ne ya aike shi da abin ya zo mini da sauƙi. Zan zage shi, in yi kuka, wata rana wataƙila in yafe. Amma Allah fa? Ina zan kai ƙararsa?" Ta share ido da bakin zani ta ce, "Ke kaɗai kika rage mini."

Sannan ta nuna lungun falo. Buhun yana nan inda direbobi suka jingina shi, ba ta taɓa buɗewa ba. Ta ce ta yi ta tunani, tana ganin ita ya sayo wa, ya so ya ba ta mamaki, don ya san tana son acca. Ta ce shekara ta kusa cika, ba ta so ya lalace, in zo ranar Asabar mu buɗe shi tare, ni na iya fate.

Jama'a, accar uwata ce. In na yi shiru zan dama faten, mu zauna mu ci, ta ci gaba da ce mini Yaya, ta ci gaba da juya wa Allah baya saboda maganata. In na faɗa, wataƙila ta koma gare shi, wataƙila kuma ta ce daga Allah har mutanensa ba na amana, in rasa ta, ita ma ta rasa mutum ɗayan da take buɗe wa ƙofa. Yau Alhamis. Na ciro ƙyallen na sa a jaka, na mayar, na sake cirowa.

Don girman Allah, me zan yi?