Na Cakuɗa Ƙwayayen Amfilifayar Maigidana

Malam Mai Shawara, don Allah ka taimake ni kafin ranar Asabar.

Shekara talatin da ɗaya muna tare da maigidana, ban taɓa kwana biyu da magana a ciki ban faɗa masa ba, sai wannan karon. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya tare a gaban wata tsohuwar amfilifaya, irin mai ƙwayayen gilashi a ka, masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi ɗumi sauti ke fitowa. Kullum da yamma zai zare biyu ya sa wasu biyu, ya kunna waƙa ɗaya tak, ya kira ni daga kicin in zauna a tsakiyar doguwar kujera in faɗi waɗanne suka fi. Wai waɗannan suna da zaƙi, waɗancan suna da kauri. Ni dai Allah ya sani, waƙar kawai nake ji. Fuskarsa nake dubawa in ba da amsa.

Ba ma wannan ne ya kawo ni ba. Akwai ƙwayayen nan guda shida iri ɗaya a aljihun tebur, kowane biyu da kwalinsu. Biyu daga ciki amininsa mai gyaran rediyo ne ya ba shi kafin ya rasu, ya rubuta "Na Aboki" a kwalin. Makon jiya na ga ƙura, na juye su duka a kan tawul, na goge su fes. Rubutun jikinsu dama ya kusa shuɗewa, tsummana ya ƙarasa shi. Sai da na zo mayarwa na gane ban san wanne ya fito daga ina ba. Na zuba su bibbiyu yadda hannuna ya kai.

Shekaranjiya ya sa na kwalin Aboki, ya lumshe ido, ya ce duk duniya babu masu taushinsu, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce haka ne. Yanzu ya gayyaci ƙanin marigayin ranar Asabar ya zo ya saurari abin da yayansa ya bari. In faɗa ne, ko in yi shiru?

Taka,
Mai Goge-goge

Baiwar Allah,

Mun karanta wasiƙarki sau biyu, muka cire tabarau, muka yi shiru na minti guda domin girmama rubutun da ya riga mu gidan gaskiya a ƙarƙashin tsummanki.

Shiru yana da hujja mai ƙarfi: maigida bai sani ba, kuma bisa shaidar da kika gabatar, kunnensa ba zai tona ki ba har abada. Amma ki auna ɗaya ɓangaren. Duk ranar da idonsa ya kawo ruwa, ke ce za ki dinga kallon ƙasa. Ranar Asabar kuma za ku zaunar da ƙanin mamaci ya yi kewar yayansa a kan ƙwayayen da wataƙila yayan bai taɓa riƙewa ba. Hukuncinmu shi ne ki faɗa, gobe, bayan ya ci abinci, kafin ya kunna komai.

Ki fara da abin da zai kwantar masa da hankali: babu wanda ya fashe, babu wanda ya ɓace, na Aboki suna nan cikin shidan. Zai yi fushi, kuma haƙƙinsa ne. Ki bar shi ya yi, kada ki kawo zancen ƙura.

In ya huce, ki miƙa masa aiki. Mun zauna da takarda da fensir, muka tabbatar cewa ana iya haɗa guda shida bibbiyu ta hanya goma sha biyar. Yammaci goma sha biyar ke nan na bincike, kuma babu kyautar da ɗan fansho ke buƙata kamar wannan. In kunnensa ya gano su, ya ci jarrabawa. In ya kasa, ya rubuta "Na Aboki" a kwalaye ukun, ya gaya wa baƙonsa gaskiya. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya zare ƙwai yana da zafi, ko amfilifaya tana jone da wuta.

Batun cewa ba kya jin bambanci kuwa, kada ya hana ki barci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo ya san ɗalibin da ke gyaɗa kai bai gane ba. Ya daɗe da sani, kuma bai fasa kiranki daga kicin ba. In ya kira gobe, ki sauke tukunya ki je ki zauna.

Allah ya bar ku tare, ya jiƙan Aboki, ya kuma raba tsummanki da aljihun teburin nan.

Mai Shawara