Ku Sauke Hotona, Ni Ba Ɗan Landan Ba Ne

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke samar wa malamai aikin koyar da Turanci a ƙasashen waje,
ta hannun ofishinku na Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Sunana Sama'ila Ɗanjuma, malamin Turanci daga Ƙauran Namoda a jihar Zamfara, ɗaya daga cikin waɗanda kamfaninka ya tura koyarwa a tsakiyar Asiya. Sau uku ina rubuto maka ta ofis ba amsa. Idan na kira waya, sakatariyarka takan ce kana taro. Shi ya sa na kawo maganar fili, ba don in ci mutuncinka ba, sai don akwai malamai a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ke shirin bin hanyar da na bi, kuma ya kamata su ji.

Bari in fara gaya maka ko wane ne ka tura. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, kuma a garinmu layin dogo ya ƙare. Ina yaro nakan je in zauna a daidai inda ƙarfen ya tsaya, in bi shi da ido har ya narke cikin gero, ina raya wa kaina cewa a ɗaya bakin akwai garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Turancin farko da na ji na mahaifina ne, 'yan kalmomin aikin jirgi da yake furtawa da girmamawa. Daga nan na kamu da son harshen. Shekara goma sha biyu na yi ina koyar da shi, na fara a Shinkafi, na koma Zurmi. Da hanya ta lalace, yau a rufe makaranta gobe a buɗe, kujerun ajina suka riƙa zama fayau saboda iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun gudu, sai na ci karo da tallarku a waya. Na yi jarrabawarku na ci. Na yi horon mako biyu a Abuja. Na ajiye aikina. Da na je sallamar mahaifiyata, ta daɗe tana dubana kafin ta ce, "Mi za ka koya musu can wanda ba su da mai koya musu? Tahi dai, Allah shi tsare. Amma ka riƙe gaskiya." Na ce mata to, Inna.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. A Abuja ma'aikatanka sun karɓi ainihin takardun shaidar karatuna, na digiri da na koyarwa, suka ce za a ajiye su har kwantiragi ya ƙare. Ba wanda ya gaya mini komai game da suna. Sai da na sauka a can, a cikin motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi, wakilinku ya miƙo mini katin da zan rataya a wuya. Hotona ne a jiki, amma an rubuta Ticha Sam, daga Landan. Na ce masa an yi kuskure. Ya yi murmushi ya ce, "Ba kuskure ba ne. Iyayen nan Turancin Ingila suke so. Baƙar fata ba matsala ba ce, akwai irinku da yawa a Landan. Kai dai kada ka ambaci Najeriya."

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na riƙe katin nan a hannu, na dubi waje, na ga duwatsu masu farin kai sun tokare sama, abin da ban taɓa gani ba sai a littafi. Na tuna ba ni da aikin da zan koma wa. Na rataya shi. Amma Ranka ya daɗe, ka sani cewa an jira sai da na yi nisan da ba zan iya juyowa ba kafin a gaya mini. Wannan ba mantuwa ba ce, tsari ne.

Na biyu. Wata bakwai na yi ina koyarwa da wannan suna. Yara ashirin da uku ne a babban ajina, 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya. Garin ƙarami ne a gindin dutse, da itatuwan tuffa a kusan kowane gida, da ƙamshin gurasa mai zafi a bakin titi da safe. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ina tsakiyar koyar da fi'ili. Na waiga taga na ga wani abu fari yana saukowa a hankali ba ƙara, kamar audugar rimi in iska ta kwashe ta. Na manta da allin da ke hannuna. Yaran suna kallona, ni ina kallonta. Wata yarinya mai suna Madina, wadda ba ta gajiya da tambaya, ta ce, "Ticha, a Landan ba a yin ta ne?" Na ce ana yi, amma taku ta fi kyau.

Daga ranar suka buɗe mini ƙofar tambaya. Yaya gidanku yake? Akwai kogi? Me kuke ci? Ni kuwa ban san Landan ba sai a littafin karatu. Sai na riƙa gina musu ita da abin da nake da shi. Idan na ce kogi, gulbin Gagare nake gani da damina, ya cika ya yi ja, mata na wanki a bakinsa. Idan na ce kasuwa, Kasuwar Daji ce a idona, da layin masu babura da ƙarar awo. Na ba su labarin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda awaki ke kwana a inuwar tarago. Suka yi ta mamakin Landan mai awaki. Wasu suka zana ta, suka manna zanen a bangon aji. Nakan tsaya bayan an tashi in kalli zanen nan, garinmu ne sak, da sunan wani gari a ƙarƙashinsa. Ban san yadda zan bayyana maka ba. Ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na watannin nan ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina irin ta lokacin ba. Yaran sun koyi Turanci, sakamakonsu yana ofishin makarantar, a duba. Turancin Shinkafi da Zurmi ne suka koya, bai kuma rage su da komai ba.

Na uku. Yadda abin ya tonu, don na ji an ce a ofishinku wai na tayar da fitina. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo mai farin gemu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. Daga baya na gane kakan Madina ne. Ya dube ni sosai, ya ce, "Sannu." Da Hausa, Ranka ya daɗe. Wata bakwai rabon da in ji kalmar a bakin mutum ido da ido. Da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa ya fahimtar da ni cewa shekarar da ya yi aikin Hajji tantinsu na kusa da na wasu alhazai Hausawa, kullum suna ba shi abinci, kalmar kenan da ya riƙo. Sai ya tambaye ni, "Kai daga cikinsu kake?"

Takalmina na hannu, ƙafata ɗaya tana cikin masallaci. Na ce masa e, daga cikinsu nake.

Ya rungume ni. Ya ja ni gidansa, aka shimfiɗa tabarma mai laushi, aka kawo shayi da gurasa da shinkafa da naman rago. Ya kira Madina ta yi mana tafinta. A gabanta na faɗi sunana na gaskiya da sunan garinmu. Sai ta ce, "Awakin fa, da gaske ne?" Na ce awakin da gaske ne, da kogin, da kasuwar. Sunan garin ne kawai ba nasa ba. Ta gwada faɗin Ƙaura har sau uku, bakinta ya kasa kama harafin farko, muka yi ta dariya har da tsohon.

Dattijon nan bai yi nufin sharri ba. Murna ce ta sa ya gaya wa maƙwabta cewa malamin jikarsa ɗan'uwan mutanen da suka ciyar da shi ne a Makka.

Na huɗu. Cikin mako ɗaya maganar ta kai ga wasu iyaye biyu da suka je wurin shugabar makaranta suka ce ba abin da aka yi musu alkawari ba kenan. Suna da gaskiya. Shugabar ta kira kamfaninka. Ranar Laraba ina cikin aji, saura mako uku a yi jarrabawar ƙarshen zango, wakilinku ya leƙo ya ce in zo minti biyu. Na ce wa yara su ci gaba da karatu ina zuwa. Ban sake ganinsu ba. A ofishin shugaba aka miƙo mini jakar makarantata, aka wuce da ni masauki, aka tsaya a kaina na haɗa kaya, kashegari aka sa ni a jirgi.

Korar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Takardar da aka ba shugabar makaranta, wadda aka ba ni kwafinta, ita ce. A ciki kamfaninka ya rubuta cewa ni ne na ba da bayanan ƙarya game da asalina, kuma kamfani bai sani ba. Ranka ya daɗe, fasfona kore ne, na Najeriya. Ma'aikatanka ne suka nema mini biza da shi. Takardun karatuna da ke akwatin ofishinku sun faɗi inda na yi karatu. Katin da na rataya, injinku ne ya buga shi, yana nan a hannuna.

Na biyar. Yau wata biyar da dawowata. An buɗe tantance malamai a jiharmu, na je, aka ce in kawo ainihin takardu. Na ce suna Abuja. Ofishinku ya ce ba za a sake su ba saboda ban cika kwantiragi ba, alhali ba ni na tafi ba, cire ni aka yi. Yanzu ina koyarwa kyauta da yamma a wani zaure, ɗalibaina yaran waɗanda suka baro Kurya Madaro suka fake a Ƙaura ne. Matata ce ke riƙe da gidan da ɗinki.

A makon jiya kuma wani abokin aikina na Shinkafi, Malam Nasiru, ya zo mini da murna ya ce ya cike fom ɗinku, har ya ga hotona a fostarku da ke tashar mota. Na je na gani. Ni ne, ina tsaye gaban allo cikin rigar sanyi, yaran nan kewaye da ni, an rubuta cewa ga ɗaya daga cikin malamanmu da suka yi nasara. A can kun ce ni maƙaryaci ne, a nan kun ce ni abin koyi ne. Na zaunar da Malam Nasiru na gaya masa komai. Ban ce kada ya tafi ba, don ƙasar tana da kyau, mutanenta kuma na da kirki. Na ce ya tambaye ku a rubuce da wane suna zai shiga aji.

Abin da nake roƙo shi ne a dawo mini da takarduna kafin a rufe tantancewar nan. A janye waccan takarda, a rubuta wa shugabar makarantar gaskiyar wanda ya buga katin. A sauke hotona daga tashar Ƙaura da duk inda aka manna shi. Kuma duk malamin da za ku tura, a gaya masa sharaɗinku tun yana Abuja, tun aikinsa na hannunsa.

Akwai roƙo na ƙarshe, wanda ba zai ci maka komai ba sai kuɗin aika saƙo. Da na dawo gida, na yi kwanaki ban buɗe jakar makarantata ba. Ranar da na buɗe sai na tarar da insha'in yaran a ciki, guda ashirin da uku, wanda suka miƙo mini da safiyar Larabar nan, a kan abin da kowa yake so ya zama in ya girma. Na zauna a ƙofar gida da jan biro na duba su ɗaya bayan ɗaya, na gyara kurakurai, na ba kowa makinsa, na rubuta wa kowa layi biyu a ƙasa. Akwai mai son tuƙa jirgin sama, akwai likitoci huɗu, akwai wanda ya ce shi dai kiwon dawakin babansa zai ci gaba da yi. Aikinsu ne, ba nawa ba, ba na kamfaninka ba. Sun yi shi da ƙoƙari, kuma an ce musu malam yana zuwa. Na sa su a ambulan, na rubuta sunan ajin a baya. Na rubuta wa makarantar kai tsaye ba a amsa ba, na kuma san dalili. Ku kuna da hanyar da za su isa. Ka sa a kai musu kafin su wuce aji na gaba.

Allah Ya ba ka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a kasuwancinka ta hanyar halal, Ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci tun ana iya gyarawa. Allah Ya yafe mini nawa kason, Ya raya yaran can da na nan, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.

Wassalam.

Malam Sama'ila Ɗanjuma,
Ƙauran Namoda.