Sau Uku Ina Juyawa daga Ƙofar Zaurenku

Zuwa ga 'Yardada, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da na baro da ƙafata,

Assalamu alaikum. Wannan ce takarda ta biyar da na fara rubuta miki, huɗu na yayyage su.

Yayarki Nana Khadija ta aiko min cewa iddarki ba za ta wuce makon gobe ba. Tun da na ji, allura ta ƙi zama a hannuna. Aikin wuyan riga ɗaya sau uku ina warware shi, har abokan ɗinkina na Soron Ɗinki suna tambaya ko lafiya.

Kin tuna littafin nan mai jan bango da kike karanta min a zaurenku na Gwale, lokacin da nake zuwa zance? Kina karatu, ni ina kallon yatsanki mai lalle yana bin layi kamar tsuntsuwa a kan reshe. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da aka mayar da shi fim, bayan sadakar arba'in ɗin Innarki da kwana biyu, kika ce in zauna mu kalla tare. Aka zo inda ake fita da gawar mahaifiyar matar, kika fashe da kuka. Ni kuwa na ɗauko littafin da biro ina lissafa inda suka saɓa. Wuri goma sha bakwai! Har na ce miki a littafin uwar ba ta mutu ba, jinya kawai ta yi. Wayyo ni! Wane irin miji ne matarsa ke kukan uwarta yana duba shafi? Kika ce na iya gyara komai amma ban iya jin ciwon kowa ba. Magana ta yi tsawo, kika nemi takardarki. Ni da nake kwana uku kafin in zaɓi zare, a ranar na rubuta saki ɗaya.

Na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, sau huɗu, ba biro. A littafi, mijin ya je biko, ya yi sallama, ya ba da haƙuri har shafi shida, matarsa ta biyo shi gida. A fim kuwa, ya isa ƙofar zaure, ya buɗe baki, sallama ta ƙi fita, ya juya. Sai aka nuno fuskar matar a ciki, tana jin takunsa yana nisa. A da na ce ɓata labarin suka yi. Yanzu na ga littafin ya rubuta mutumin da nake so in zama, fim ɗin kuwa ni ya ɗauka. Yana nan a littafin da nake rubuta al'amurana na kullum: sau uku na zo lungunku, sau uku na juya. Kin ji takuna, farin watana? Kin ji, kika yi shiru?

Gidan ya bushe kamar Goron Dutse da rani. Turarenki ya fara barin labule. Me zan yi ranar da ya bar shi gaba ɗaya?

Malamin da na tambaya ya ce da kalma ɗaya zan iya mayar da ke, ko ba ki sani ba. Ba zan yi haka ba. Na riga na yanke hukunci sau ɗaya ban dubi fuskarki ba.

Ga littafin nan mai jan bango na haɗo da takardar, na cire jerin gyarana na ƙona. Ranar Alhamis bayan La'asar zan zo. Zan yi sallama da ƙarfi, Baffa ya ji, maƙwabta su ji. Ba ni da maganar shafi shida, wataƙila ko layi biyu ba zan iya ba. Don Allah, don darajar Inna, ki amsa. In kuka ne bai ƙare ba, ki zo ki yi shi a gabana, zan zauna, hannuna ba komai.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har ranar da za a fita da ni,

Abdulbaqi