Gutsuren Wuƙa a Cikin Nama

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mijinki da yara. Na kira ki har na gaji, layin gonarku ba ya shiga, shi ya sa na ba direban madara wannan takarda. Ki karanta ke kaɗai.

Injin kwaɓin da kika ba ni ya karɓe ni. Tun da na ɗaura masa bakin niƙan nama, matan layinmu suke aiko da saƙo, ina niƙa musu ina ƙullawa a leda. Jiya na bi duk yadda kika koya min. Na yanka naman ƙanana, na cire jijiya, na sa shi a firiza har ya fara ƙanƙara. Ina cikin tura shi da sandar injin na ji "ƙas!", injin ya shaƙe, sannan ya ci gaba. Na ce ƙanƙara ce. Na gama, na ƙulla, kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Sai yau da safe, da na kwance bakin zan sake wankewa, na ga wuƙar da ke cikinsa. Ɗaya daga cikin haƙoranta ya gutsure, kamar ƙwayar shinkafa, mai tsini. Na duba farantin mai huji, na share kicin, na zazzage kwandon shara a ƙasa. Babu shi. Yaya, yana cikin naman mutane.

Baban yara ya ce in ja bakina in yi shiru. Me zan yi?

Ki huta lafiya.
Autarki

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya same ni. Ki nutsu ki saurare ni.

Wataƙila ƙashi ne ya shiga miki, ya ɓalle wuƙar. Amma ba ki da tabbacin gutsuren ya bi nama. Yana iya maƙalewa a injin, ruwan wanki ya tafi da shi. Idan kika bi gida-gida kina cewa akwai ƙarfe a namanki, kin kashe sana'arki da hannunki, kuma duk wanda cikinsa ya murɗa a layin nan har shekara mai zuwa, ke za a nuna. Kin san bakin matar tela, ba sai na faɗa miki ba.

Na ga yadda kika zauna ba aiki tun da aka rufe shagon da kike, har kika rame. Ba na so ki koma can. Mijinki ya yi gaskiya. Ki jefar da wuƙar, zan aiko miki da sabuwa.

Ki gaida maigidan da yara.
Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, takardarki ta iso na riga na fita.

Na tsaya a taga ina kallon 'yan biyun gidan da ke kallon namu suna wasa a bakin ƙofa. Ko shekara biyu ba su cika ba. Uwarsu ta ce min saboda su take sayen niƙaƙƙe, don ba sa iya tauna. Ban san lokacin da na ɗauki bokiti na fita ba.

Mai kanti ya ciro ledarsa daga firji ya miƙo min. Malamar asibitin da ke ƙarshen layi ta ce, "Gara da kika faɗa." Matar tela kuwa a tsakiyar titi ta tsaya. "Jama'a ku zo ku ji! Ashe ƙarfe take ba mu muna ci!" Ta wurgo min ledar, ta fashe a ƙafata. Na durƙusa na kwashe naman daga ƙasa, mutane na kallo.

Gidan 'yan biyu na bari ƙarshe, don nan na fi jin tsoron zuwa. Na yi sallama, uwarsu ta fito da murmushi, cokali a hannunta.

Na ce, "Naman jiya, kin taɓa shi?"

Ta ce, "Rabi na ɗiba na dafa musu, sun cinye tas. Lafiya?"

Da na faɗa mata, cokalin ya faɗi. Ta ce ƙaramar ta tashi da kuka tana riƙe ciki, ta ɗauka haƙori ne. Ta ruga ta sungumi ɗaya, na sungumi ɗaya, muka tare mota. A hanya ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Likita ya ce sai an ɗauki hoton cikinsu duka biyun, kuma mai ɗaukar hoton sai gobe zai zo. An kwantar da su, an ce kada a ba su komai sai ruwa. Ubansu ya iso daga wurin aiki da rigar aikinsa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Idan wani abu ya sami yarinyar nan, ni da ke ne."

Baban yara ba ya yi min magana. Naman da na karɓo yana cikin firji, har da ragowar na gidan 'yan biyu da na koma na ɗauko. Ki yi mana addu'a.

Autarki

*

Auta,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Da na rubuta miki waccan, ke kaɗai nake gani, ban ga 'ya'yan kowa ba. Allah ya ba yarinyar lafiya.

Ga mayen ƙarfe na ba direba, wanda mijina ke tsince ƙusa da shi a rumbu. Ki naɗe shi a leda mai tsabta. Ki baza naman a faranti siriri-siriri, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa na wani gida da na wani. Ki bi shi a hankali, sannan ki sake bi da yatsa. Idan kin samu, ki kai wa likita nan take.

Ina nan tafe da motar jibi. Mijinki kuma ki bar ni da shi.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na same shi.

Na bi ƙulli-ƙulli babu komai, har na zo kan ragowar na gidan 'yan biyu. Ina ɗora mayen ƙarfen na ji ɗan "tik". Ya manne a jiki yana ƙyalli. Na gwada shi a haƙorin wuƙar, ya zauna daidai.

Na ruga asibiti da shi a cikin kwalba. Hoton ma ya fito, cikinsu babu komai, zazzaɓi ne ke damun ƙaramar. Uban ya juya ya fita waje. Uwar ta karɓi kwalbar ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa, a nan gaban gadon.

Ta ce, "Leda ɗaya ce fa. Da ta wancan gefen na ɗiba..."

Ba ta ƙarasa ba. Na zauna kusa da ita, ta riƙe hannuna.

Allah ya kawo ki lafiya.
Autarki