Surukanmu Masaƙa Ne

Zuwa ga ƙanena Malam Isa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar Hajiya? Mu nan Bronx lafiya lau.

Albishirinka! Jikana Nura ya kawo Marta, 'yar Poland, yana so ya aura. Ni kuwa na kafe, ba na kai gaisuwa gidan da ban san unguwarsu ba. Ubansa ya ce, "Baba, nan Amurka ce fa." Na ce to, auren ya jira.

Ran Lahadi kakanta ya zo da kansa, Marta tana fassara. Ya ce unguwarsu a birnin Lodz take, gidajen jan bulo a jere, mai kamfanin saƙa ya gina wa ma'aikatansa. Shi ma a kan zare ya tsufa. Kamfanin ya mutu, amma har yau maƙwabci ba ya wuce maƙwabci bai tsaya ba.

Na ce ya miƙo tafinsa in gani. Wallahi duk ya yi kanta irin ta hannun Babanmu! Isa, masaƙa ne irinmu. Nan take na sa aka sayo goro.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da Hajiya da mutanen layinmu, ka aiko wa amarya saƙi mai kyau.

Yayanka,
Garba