Kifin da Zacharias Yake Ce wa Shi

Gudu, Abuja

Zuwa ga ɗana Musaddiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da karatunka da sanyin Alƙahira da kake ta kuka da shi. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya jiƙan mahaifinka Yaya Datti, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Mamanku ta fita takaba, har ta koma zuwa kasuwar Gudu da kanta tana faɗa da masu tumatir, wanda a wurina alamar samun sauƙi ce. Ƙafata tana nan yadda ka san ta. Na zaɓi rubutu a kan kiran waya ne saboda a waya kana katse ni, a takarda kuwa ba ka da hali.

Saƙonninka biyu sun iso kunnena, ko da yake ba ni ka aiko wa ba. Na farko wanda ka tura wa Zacharias, mai shagon kifin ado da ke zuwa duba mana tanki, cewa ya sa a kawo namijin kifin nan da ake kira antiyas daga Legas a maye gurbin wanda ya mutu. Na biyu wanda ka tura wa Baffanka Sabo, cewa za ka ajiye karatun likitanci, ana saura shekara guda ka gama, ka dawo ka riƙe shagon baturan sola na mahaifinka da ke Wuse tunda ya ce maka gida ba namiji. Zan fara da maganar kifin, don ita na fi ganewa yanzu.

Ka san tun da na dawo gidan nan zama da Mamanku, tankin mahaifinka ya faɗo a kaina, ni da ban taɓa kiwon ko kaza ba. Ashe antiyas ɗin nan 'yan gata ne na gaske. Ba sa cin abinci sau ɗaya su haƙura kamar tarwaɗa. Sai an riƙa narka musu ƙananan jatan lande daga firij ana zuba musu kaɗan-kaɗan, safe da rana da yamma, har na haɗa cinsu da lokutan salla don kada in manta. Ruwansu sai an dama shi da gishiri na musamman, ba na miya ba. In aka ɗauke wuta, kunnena na kan injin ruwan har sai na ji batura sun karɓa. Na sha cewa mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin Makka, me ya kai shi kawo teku falo? Yanzu ga ni ina zaune gabansa fiye da yadda nake zama gaban talabijin.

Kana nan ai lokacin da babban namijin nan mai jan jiki, wanda mahaifinka ya sa wa suna Ciyaman, ya yi tsalle ya faɗo ƙasa, ranar da wani cikin masu ta'aziyya ya buɗe murfin tankin bai mayar ba. Abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya biyo bayan tafiyarka. Matan kifin, masu launin ruwan lemo, duk suka rikice. Suka daina yawo tare a tsakiyar ruwa, kowacce ta shige cikin duwatsun murjani na tankin, in sun fito cin abinci sai kora da cizo. 'Yar ƙaramar cikinsu har ta rame. Na fidda rai da su, gaskiya. Sannu a hankali sai na lura babbarsu, wadda Mamanku ke kira Uwar Ci, ta fara tsayawa a saman dutse, daidai inda Ciyaman ke tsayawa. In sauran sun watse ta zagaya ta tattaro su. In biyu sun kama faɗa ta ratsa tsakaninsu ta wuce, ba ta ko ciji kowa ba.

Da Zacharias ya zo canjin ruwa, ya ɗan tsaya yana kallonta, ya ce ai wannan shi ne oga yanzu, shi ne yake riƙe su. Ban kula ba. Ka san Hausar Zacharias, irin ta Abuja ce: ni shi ce a bakinsa, Mamanku shi ce, matarsa Prudence ma shi ce. Na gyara masa kamar yadda na saba, na ce ita ake cewa. Ya yi dariya ya ce wannan karon dai ba kuskure ya yi ba, in sa tabarau in duba da kyau. Na duba. Ruwan lemon ya fara rinewa zuwa ja mai shiga shunayya, ƙaya ɗaya a gadon bayanta ta yi tsawo ta miƙe kamar eriyar rediyo, irin ta Ciyaman sak. Ya ce haka Allah ya yi irin kifin nan: in namijin garke ya mutu, babbar mace ce take juyewa ta zama namiji. Ban yarda ba sai da yayarka Zakiyya ta nemo mini bayanin a wayarta na karanta da idona. Na yi tasbihi, na kuma daina gyara masa Hausa a kan kifi.

To ga inda saƙonka ya shigo. Zacharias ya ce in aka jefa sabon namiji a tankin yanzu, ba taimako aka yi ba. Wanda ya riga ya juye ba ya komawa, tankin kuma bai kai girman da zai ɗauki maza biyu ba. Za su yi ta bin juna har ɗaya ya daina cin abinci ya mutu, garken kuma ya sake watsewa. Don haka na ce masa ya soke odar, ban jira izininka ba.

Game da shago, ga abin da na gani. Tun washegarin sadakar bakwai Zakiyya ce ke buɗe shi. Ita ta san wane batir ne ke jure zafi, wane ne ke kumbura, domin tun da ta gama bautar ƙasa take gefen mahaifinku. Da wani asibiti mai zaman kansa a Tungan Maje ya kira cewa solarsu ta tsaya, ita ta ɗauki masu gyara ta kai su, ta tsaya a rana har wuta ta dawo. A taron 'yan layinsu na kasuwa ta zauna a kujerar mahaifinku, an ɗan yi gyaran murya, daga baya aka ci gaba da taro. Baffanka Sabo bai taka shagon ba tun rasuwar. Daga Zariya yake hango cewa ba kowa a ciki. Ba na zarginsa da mugunta, abin da ya saba gani ne kawai bai gani ba.

Ban ce mutum kifi ba ne, kuma Zakiyya ba ta rine ba, tana nan da mayafinta da tsiwarta. Bambancin ma shi ne abin da ke damuna. Kifi aƙalla yana faɗa a kan wurinsa. Yayarka ba za ta yi ba. Da na gaya mata kana shirin dawowa, cewa ta yi Allah ya kawo ka lafiya, ta tashi ta ciro makullan shagon daga jakarta ta rataye a ƙusar da mahaifinku ke rataye su. Kullum da safe a nan take ɗauka, da yamma ta mayar, kamar mai aro. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma ya ba ni haushinka kaɗan. In ka dawo za ta miƙa maka su da hannu biyu, kai ka rasa likitancin da ka ba shekarunka, ita ta rasa abin da ta iya, mu kuma mu sami mai sayar da batir wanda bai san batir ba. Na soke odar kifi. Tikitin jirgi kuwa kai ne za ka soke, kuma kai ne za ka kira ta ka ce ta mayar da makullan jakarta, domin daga bakinka take jiran ji.

Ka gaishe mini da ɗan uwanka Badaruddeen, ka ce masa ni uwarsa ina cigiyar muryarsa, da abokin zamanku Maliki. Mamanku Zulai tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci mai ɗumi. 'Yar ƙaramar kifin nan ta murmure, tana cin rabonta. Jiya Zacharias ya biya ta shago kafin ya zo nan, ya ce in rubuta maka cewa oga Zakiyya shi ma yana gaishe ka. Na rubuta yadda ya faɗa.

Wassalam. Taka har kullum,
Gwaggonka Ummukulthum